Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Kifin da Ba Za Ka Ci Ba

Kai da ke zaune a Makka kana jiran aikin Hajji ya zagayo ka samu abin yi, matso kusa. Ni Mukhtaru Maiturare, mai shago a gangaren unguwar Nakkasa, na ɗaukar maka alkawari: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba ka tsallake ko guda ba, za ka zama cikakken mai ɗaukar bidiyon kamun kifi a tsakiyar teku, har Turawa su riƙa nemanka a waya. Gaskiya ne ban taɓa shiga jirgin ruwa ba, kuma ba ni da niyya. Amma maƙwabcina Abdulwadud ya shiga, ya kuma ba ni labarin sau goma sha ɗaya a kan bencin shagona, saboda haka yanzu na fi shi sanin abin da ya faru. Da shi za mu yi misali. Haifaffen nan ne, ba ya karanta Hausar boko, ba zai gani ba.

Mataki na ɗaya: Ka ce ka iya

Sana'ar Abdulwadud ɗaukar bidiyon biki ce da suna. Lokacin Hajji kuma yana bin alhazai a Mina yana ɗaukarsu suna ɗaga hannu suna addu'a, in hoton bai yi kyau ba ya sa su sake addu'ar. Rannan wani abokinsa na Jidda ya kira shi ya ce wasu Turawa masu shirin talabijin na kamun kifi sun iso, mai riƙe musu kyamara ta biyu ya karye a ƙafa, suna neman wanda zai maye gurbinsa kwana uku. Tambaya uku aka yi masa. Ka iya kyamara? Ka iya ruwa? Ka saba da teku? Duka ukun ya amsa da "Aiwa."

Haka za ka yi kai ma. In zuciyarka ta fara yi maka gardama, nemo kaka ka jingina da shi. Kakan Abdulwadud na wajen uwa masunci ne daga Argungu, ya zo Hajji bai koma ba, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba sai ka tuna cewa ruwan da Abdulwadud ya fi sabawa da shi shi ne jarkar zamzam ba.

Mataki na biyu: Ka gaya wa mahaifiyarka

Wannan shi ne matakin da ke kashe mutum, don haka kada ka yi masa garaje.

A shekarar nan ne aka zo aka bi bangon layinmu da jan fenti aka rubuta izala, wato rushewa. Aka ba mu wa'adi. Mutanen da suka shekara arba'in suna aron gishiri a hannun juna suka fara ɗaure kaya, wannan zai koma Zahir, wancan Jidda, wani bai ma san inda ya nufa ba. Hajiya Ɗaso, mahaifiyar Abdulwadud, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abu ɗaya ta ce tana so: ta tara matan layin nan ta ciyar da su sau ɗaya a tsakar gidanta kafin a kwashe shi.

Ana cikin haka ɗanta ya shigo yana washe baki, ya nuna mata hoton da Turawan suka turo masa a waya. Ƙarti uku ne suka rungumi kifi ɗaya, ya fi ƙyauren masallacinmu tsawo. Tsohuwa ta kai wayar kusa da ido ta daɗe tana kallo.

"Wanga kihi guda ya ishe layi duka," in ji ta. Ita har yau harshen Kabi ne a bakinta. "Yaushe kaka dawowa?"

"Alhamis da la'asar, ya ummi."

"To Alhamis za mu yi walima. Ka kawo mini shi ɗungurungum, kar a yanka. Ina son su gan shi da kai nai da wutsiya tai."

Da mai hankali ne da ya ce bari ya tambayi masu kifin tukuna. Abdulwadud ya ce, "Khalas, an gama." Kafin a kira magariba labarin ya hau tudu ya sauko. Ummulkhairi ta gidan sama, wadda ba ta taɓa jin alheri ta bar shi ya wuce lafiya ba, ta leƙo ta ce, "Abdulwadud ɗin da na sani? Wanda sai mutum biyu sun riƙe shi ake yi masa wanka yana yaro?" Hajiya Ɗaso ta ce mata ta dai zo da tukunyarta babba.

Mataki na uku: Ka tafi da kayan aiki

Kyamara su za su ba ka. Kai abin da za ka tanada shi ne kula, wato akwatin ƙanƙara. Abdulwadud ya aro irin wadda ake zuba wa alhazai ƙanƙara a tantin Mina, wadda sai mutum biyu ke ɗauka. Ya sa wuƙa a ciki, da buhun gishiri, da yajin da uwarsa ta daka da hannunta.

Turawa ba sa shiga Makka, saboda haka a tashar jiragen ruwa ta Lis aka haɗu. Shugabansu wani dogo ne da rana ta dafa wa ƙeya, mu kira shi Jan Wuya tunda Abdulwadud bai taɓa riƙe sunansa ba. Da ya ga an sauke wannan ƙaton akwati daga mota sai ya jinjina kai cikin girmamawa, ya zaci kayan ɗaukar hoto ne masu tsada. Da kansa ya sa hannu aka shigar da shi inuwa. Ka lura da hikimar da ke nan: babban kaya yana sa a girmama ka, muddin ba ka buɗe shi ba.

Mataki na huɗu: Ka yi amai ta inda iska ke tafiya

Ba ta inda take zuwa ba. Abdulwadud ya koyi wannan a kan rigar mai ɗaukar sauti.

Ka sani jirgin ruwa ba ya tsayawa ko da an kashe inji. Mutumin da ya tashi yana ganin hasumiyar agogon Harami daga rufin ɗakinsa bai taɓa tambayar alƙibla ba a rayuwarsa. Ranar farko ya tayar da sallar azahar yana fuskantar Ka'aba, ya yi ruku'u yana kallon Sudan, ya yi sallama bai san ko wace ƙasa ya gaisar ba. Matuƙin jirgin, Rayyis Majid, jikan Hausawa ne shi ma amma tashin Jidda, Hausarsa rabi ce, Turancinsa ma rabi, kuma shi kaɗai ne tafinta. Ya dube shi ya ce, "Ya akhi, kai ka ce kakanka masunci?" Abdulwadud ya ce a kogi ne, kogi kuwa yana da ladabi.

Mataki na biyar: Ka ɗauki hoto yadda ka saba

Kamun kifin Turawa ba irin namu ba ne. Babu taru, babu koma, babu gora. Sanda ce mai ƙarfe da zare, a ɗaura kifin roba a jefa a baya, jirgi yana ja, ƙarti suna zaune suna kallon ruwa daga hantsi har rana ta karkata. Wuni guda ba a kama ko tarwaɗa ba, amma ba wanda ya ce a tashi a nemi wani aikin.

Rana ta biyu zare ya yi ƙara. Kowa ya miƙe ana ihu. Can nesa wani abu ya yi tsalle sama, mai dogon baki kamar mashi da wata tuta shuɗiya a gadon baya, irin wanda mutanen bakin teku ke kira faras. Wannan tsallen shi Turawan suka biyo jirgin sama suka zo ɗauka.

Abdulwadud kuwa mutum ne mai tarbiyya. A biki ba a fara ɗaukar abinci kafin manyan baƙi. Ya fara da fuskar Jan Wuya, ya gangaro kan agogonsa, ya juya kan Rayyis Majid ya ce ya ɗaga hannu ya gaida mutanen gida, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya bisa girman shekaru. Kafin ya zo kan kifi, zare ya tsinke, teku ta koma shiru. Bai damu ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ba komai, a sake." A bikin da ya saba, ko ango ne yana sake shigowa.

Da suka kunna abin da ya ɗauka, babu ko sili na kifi, amma kowa ya fito tas. Mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya ce duk ƙarar zaren da ya shekara yana farauta an binne ta da "Masha Allah, tabarakallah" sau talatin da huɗu. Jan Wuya ya karɓe babbar kyamarar a hankali, kamar ana karɓe reza a hannun jariri. Ya ɗaura masa wata 'yar ƙarama a goshi da roba, ya sa Majid ya gaya masa aikinsa ɗaya ne tak daga yau: ya kalli kifi. Duk inda kifi ya yi, ya bi shi da ido.

Da yamma da suka dawo gaɓa waya ta kama, saƙonnin murya tara suka shigo. An samu tukwane shida. An sayo albasa buhu guda. Wata da ta riga ta koma Zahir ta ce za ta dawo musamman. Na ƙarshe muryar tsohuwa ce tana tambaya ko kifin mai ƙiba ne, don ta san yawan man da za ta zuba.

Mataki na shida: In an kama, kada ka tambayi inda za a kai shi

Alhamis da hantsi Allah ya kawo wani. Sa'a ɗaya da rabi ana ja-in-ja da shi, mai sandar yana gumi yana nishi, Abdulwadud yana kallon kifi kamar yadda aka umarce shi, kuma bai taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Da aka jawo shi gefen jirgi, mutum uku suka ɗago shi. Ya fi na hoton. Abdulwadud ya ji hawaye ya cika masa ido don murna. Ya auna shi da ido ya raba: tsakiya na manyan mata, wuya na liman, kan na tsohuwa. Ya ja kularsa ya buɗe, ya fito da wuƙa, ya tsaya a gefe cikin ladabi yana jiran su gama.

Suka auna tsawonsa da igiya. Suka soka masa wata 'yar alama a baya. Suka yi hoto. Jan Wuya ya sunkuya ya sumbaci kifin a ka, Abdulwadud ya kawar da fuska don kunya, sai ya tuna aikinsa ya dawo da ita. Daga nan suka zare ƙugiya a hankali, suka fara sauke shi cikin ruwa.

"Rayyis, ish hada, mene ne haka? Wanke shi za su yi?"

"Sakin shi za su yi," in ji Majid.

"Su sake shi ya je ina?"

"Ya tafi abinsa. Hada shughul ɗinsu, sana'arsu ke nan. Su kama, su yi hoto, su saki. Shirin nasu duka a kan sakin ne. Ba wanda ya gaya maka?"

Ba wanda ya gaya masa, domin bai tambaya ba. Ni kaina da ya ba ni labarin karo na farko sai da na sa ya rantse. Mutum ya bar ƙasarsu, ya sha rana kwana uku, ya yi kokawa da dabba har ƙashin bayansa ya yi ƙara, sannan ya sumbace ta ya ce ta gaida gida. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Mataki na bakwai: Ka riƙe wutsiya

Ka fara da lalama. Abdulwadud ya ajiye wuƙa ya ce Majid ya fassara. Ya ce almubazzaranci haramun ne. Ya ce arziki in ya zo ƙofarka ba a korarsa. Ya ce akwai tukwane shida a kan wuta da mata arba'in, da tsohuwa 'yar shekara saba'in da biyar da za a rushe wa gida, wadda ta gaya wa duniya ɗanta zai kawo mata kifi. Muryarsa ta karye a nan, kuma ba wasa yake ba.

Jan Wuya ba mugu ba ne. Ya saurara, ya dafa ƙirji, ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai. Sannan ya shiga ciki ya fito masa da gwangwanin kifi guda huɗu.

In lalama ta ƙare, saura hannu. Kifin yana gefen jirgi, mutum ɗaya na riƙe da bakinsa ana jan shi a hankali don ya farfaɗo. Abdulwadud ya kwanta rub da ciki a bakin jirgin, ya rungumi wutsiyar da hannu biyu, ya ce wallahi sai dai a tafi da su tare. Kifin ya amince da wannan sharaɗi. Ya kaɗa jiki sau ɗaya, sai ga takalman Abdulwadud su kaɗai a jirgi.

Ya ce da ya buɗe ido a ƙarƙashin ruwa bai ji tsoro nan take ba. Ko'ina shuɗi ne, babu ƙasa, babu bango. Wutsiyar ta zame daga hannunsa. Kifin ya buɗe tutarsa, ya juya a hankali, ya yi ƙasa yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Shi kuwa ya bi shi da ido har ƙarshe, ba don biyayya ba, don baƙin ciki. Sai rigar ruwan da aka tilasta masa sawa ta cillo shi sama, Majid ya kamo shi da ƙugiyar jan kaya ta wuyan riga.

Yana kwance yana aman ruwan gishiri suka cire 'yar kyamarar daga goshinsa suka kunna. Mai ɗaukar sauti ya yafe masa rigar. Jan Wuya ya rungume shi jiƙe, ya ce shekara goma sha biyu yana wannan aiki bai taɓa samun hoton saki irin wannan ba, wane irin mutum ne zai bi kifi cikin teku don sana'a? Ya ce akwai tafiya Oman bayan wata biyu, akwai wata bayanta, duka da shi za a je. Ka ga alkawarina ya cika ke nan. Abdulwadud ya samu aikin zubar da kifi na dindindin.

Mataki na takwas: Kada ka tsaya a kasuwa

Za ka so ka tsaya. Shi ma ya tsaya, ya zagaya rumfunan kifi na Lis sau biyu. Babu mai rabin girman wanda aka yi alkawari, kuma 'yar masunta ba a kai mata kifin da ya kwana a ƙanƙara a ce daga ƙugiya yake. Tun daga zaure za ta shinshino shi, kuma a gaban Ummulkhairi za ta shinshino shi. Ya ga gara kunyar gaskiya da kunyar ƙarya. Ya roƙi Turawan su tura masa hoton a waya, ya hau mota.

Mataki na tara: Ka hau tudun

Daga shagona na hango shi bayan la'asar, shi kaɗai yana ɗauke da kular da mutum biyu ke ɗauka. Duk wanda ya ga yadda take lilo a hannunsa ya san amsar. Na rufe shago na bi bayansa.

Ƙamshin soyayyar albasa ya cika layi. Tsakar gidan maƙil da mata, an shimfiɗa babbar leda a tsakiya inda za a kwantar da kifi. Da ya shigo aka rangaɗa guɗa. Ya ajiye kula. Ummulkhairi ba ta jira izini ba, ta ɗaga murfi: wuƙa, gishiri, yaji, gwangwani huɗu.

"To," in ji ta. "Ko ya narke ne a hanya?"

Abdulwadud ya durƙusa gaban uwarsa ya faɗi komai, bai rage ba. Bai iya ɗaga kai ba. Ya miƙa mata wayar. Mata suka taru a bayanta suna kallo, aka yi ta salati. Da aka zo wurin sumba wata ta ce a'uzubillahi. Da aka zo wurin saki tsakar gida ta kaure da tsinuwa, wata ta ce ciwon hauka ne, wata ta ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Ni ma daga zaure na ba da gudummawata.

Hajiya Ɗaso ta ci gaba da kallon hoton. Da ya ƙare ta ce, "Sake kunna mini. Daga inda ka hwaɗa ruwa." Ya sake. Ta kai wayar kusa da ido, tana kallon kifin yana juyawa yana yin ƙasa cikin shuɗin nan, ba mai tare shi, ba mai tambayarsa takardar izinin zama. Surutun ya mutu da kansa.

"Ashe har yanzu ana yin haka," in ji ta a hankali. "A kama ka, a dube ka, a bar ka ka koma gida naka."

Ummulkhairi ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Tsohuwa ta miƙa wa ɗanta wayar, ta dafa kansa, ta ce gashinsa duk gishiri ne, ya je ya yi wanka. Sannan ta juya ta ce a zuba shinkafa, albasa na ƙonewa. Ranar mata arba'in suka ci shinkafa da mai da yaji, da gwangwanin kifi huɗu da aka raba har liman ya samu. Ba wadda ta tashi sai da aka kira magariba, kuma ko da aka kira, sun daɗe a ƙofa suna sallama ba su tafi ba.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya nutse, ko ya yi amai a kan Bature, ko ya kunyata a gaban matan unguwarsu, shi ya jiyo, babu hannuna. Ni turare nake sayarwa. Wanda kuma yake ganin na cuce shi, yana da damar ya zo ya same ni a shago mu yi ta ido da ido, sai dai ya yi sauri. Motar rusau ta iso layin da ke ƙasa da namu tun ranar Lahadi.